Lokacin da Gabas Take da Nisa

Masu awon ƙasa sun ce in aka ja zare a miƙe daga Sakkwato zuwa Maiduguri, ba kwana ba ratse, wajen kilomita 870 ne, mil 540 ke nan a lissafinmu na da. Jirgin sama irin na yanzu awa ɗaya da 'yan mintoci ta ishe shi ya lashe wannan tazara. Mai farfela, irin wanda muka fara shiga, awa biyu yake bukata ko da ɗan ɗori. Jikokinmu kan latsa waya su karanto maka duk wannan kafin ka gama gyara zaman hularka, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sai dai mu da muka tashi a Birnin Shehu zamanin ana kashe sule da sisi, ba da zare muka san Borno ba. Da kwanaki muka san ta, da nauyin guzurin da za a ɗaura wa mutum, da irin kukan da mata za su yi ranar da zai tashi.

Sai dai ka ji an ce wane ya yi gabas. Gardi ya yi sauka a gida, yana son ya gyara tilawa har ya iya rubuta Alƙur'ani da ka, to babu inda za a nuna masa sai ƙasar Barebari, don su Allah ya ba wannan baiwa tun kaka da kakanni. Ya ɗauki allo da buzu da gafaka da 'yar butarsa, a raka shi bakin gari. Daga nan sai abin da Allah ya yi. Wani shekara uku, wani bakwai, wani kuwa sai dai a ji ya yi aure can har ya fara furfura. Labarinsa a bakin fatake ake tsinta, ko a wata 'yar wasiƙar ajami da ta bi hannu goma kafin ta iso, ta yi laushi, tana warin banda da kanwa. A kira malamin unguwa ya karanta a zaure, mata na laɓe bayan danga suna saurare. Sau da yawa jaririn da wasiƙar ta zo da albishirin haihuwarsa ya riga ya yi ƙafa. Ta nan kuma alhazan ƙasa suke bi, su wuce Yerwa, wato Maiduguri, su faɗa Fallomi, wadda yau ake kira Injamena, su yi Abashe, su yi Fashir, suna tafe suna ƙwadago har bakin Bahar Maliya. Don haka duk wanda ya fuskanci gabas da kaya a ka, ba a yi masa sallamar wasa.

Tun saura kwanaki mutum zai fara bin gidajen dangi. Gwaggo, kawu, surukai, malaminsa na allo, duk sai ya durƙusa ya nemi gafara. Wanda ke bin ka taro ka biya shi, wanda kake bi ka ce ka yafe in ta Allah ta kasance. Tsofaffi su kwance bakin zane su miƙo ahu ko sisi, su ce ka sha ruwa a hanya. Malam ya wanke maka rubutu a ƙoƙo ka shanye, ya tofa maka addu'a a ka. Cikin gida kuwa turmi ba ya hutawa. A daka gumba, a kirɓa dawo mai yawan citta da kanumfari, a soya nama ya bushe ƙarau, a ƙulle yaji a tsumma, ga ƙuli-ƙuli, ga kilishi in da hali, ga goro a ganye an yayyafa masa ruwa. Har yau in na ji ƙamshin geron da aka surfa aka wanke aka baza a tabarma, raina sai ya ce mini wani zai yi tafiya. Ni ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta kama sunana, ba ta kuma yarda a ga hawayenta a kaina. Daga bayan ƙyaure za ta ce, "Kai wanga, Allah shi kiyaye hanya. Ka riƙe salla." Shi ke nan. Gwaggo ce ke yin kukan a madadinta, kuma tana yin sa har da na gobe.

Motar kuwa gingimari ce mai bodin katako, Bedford ko Austin, daga baya Marsandi, an rubuta mata wata magana a goshi an zana mata zaki ko dawisu a baya. Ba ta da lokacin tashi. Ɗan kamasho zai rantse maka saura mutum biyu, alhali rabin waɗanda ke zaune a ciki 'yan tasha ne da aka ajiye don su cika ido. Kana biya su fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Sai an gama loda buhunan albasa da ɗaurin fatun jar akuyar Sakkwato, waɗanda ake kai wa kamfanonin Turawa a Kano, sannan a jera mutane a bisa. Mai hali ya biya gidan gaba ya zauna kusa da direba, ya sha zafin inji a ƙafa amma ya tsira da rigarsa. Mu 'yan baya kuwa, kafin Talatar Mafara jar ƙurar burji ta mai da kowa launi ɗaya, malami da mahauci, har gashin ido.

Gwanin tafiyar a wurina yaron mota ne. Yana maƙale a baya da hannu ɗaya, riga ta yi baƙi ƙirin da baƙin mai, wajinsa na katako a ɗaya hannun. In aka zo hawa, mota ta fara nishi, giya ta ƙi shiga, sai ka ji direba ya ƙwala, "Waji!" Kafin ya rufe baki yaro ya dire ya cusa itacen nan a bayan taya, mota ta ɗan ja baya ta tsaya cak, mata na ta salati. In taya ta yi faci shi ne, in lagireto ta tafasa shi zai gangara rafi da garwa, da dare kuma shi ke kwana ƙarƙashin mota yana gadin kaya. A unguwarmu babu yaron da bai taɓa burin zama shi ba, har da waɗanda daga baya suka zama alƙalai.

Da damina, in aka yi ruwa, sai a sa shinge a hana manyan motoci wucewa har ƙasa ta tsane, don kada su kwaɓe hanya. Sai kowa ya sauko. Mutanen ƙauyen da ke kusa sun san kasuwarsu ta buɗe: fura ta kwabo mai cika ƙoƙo, dafaffiyar gyaɗa, ƙwan zabi, tuwon taro da miyar kuka har da ɗan man shanu a kai. A shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya. Wanda bai san ka da safe ba, kafin la'asar ya san sunan kakanka da abin da zai kai ka Borno, ya kuma tuno yana da ƙane a can wanda lalle sai ka sauka gidansa.

Sakkwato ba ta taɓa samun dogo ba, har yau. Reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929 ya tsaya. Maiduguri kuwa sai 1964 jirgin ƙasa ya kai can, ta Kuru da Bauci da Gwambe. Mai son jirgi sai ya sauka Gusau ya jira ranarsa, ya je Zariya, ya gangara Kaduna da Kafancan, sannan ya sake hawowa arewa. Zagaye ne na gaske, amma tsofaffi sun fi son sa, don akwai wurin miƙe ƙafa da wurin kama ruwa, ga shi ba ya faci. Mai sauri ya ci gaba da mota har Kano, ya kwana a tasha ko a zauren wani ɗan garinsu a Fagge, ya nemi motar Yerwa. A haye gadar Wudil, wasu su bi ta Birnin Kudu da Kari, wasu ta Azare, a haɗu a Fataskum garin shanu da manyan motoci, sai Damaturu, sai Benishek. Hanyar mota gaba ɗaya ta haura kilomita 1,100, kuma a wancan zamani wanda ya yi ta a kwana uku ya gode wa Allah. Huɗu ko biyar ba abin ba da labari ba ne.

Abin da ke fara tarbar baƙo a Yerwa inuwar dalbejiya ce a jere gefen titi, sai faɗin Dandal har ƙofar Shehu, sai ƙamshi. Matan Barebari in sun gifta cikin lafaya, turaren wuta da humra sai su tsaya a wurin bayan masu su sun yi nisa. Ta ko'ina "wushe, wushe" kake ji. Mai masauki ya kawo ruwan wanka mai zafi, a biyo da burabusko, ka ci ka kwanta, ƙasa na ta tafiya da kai har cikin barci. Wanda ya zo ta wannan hanya ba a tambayarsa yaushe zai koma. In ya yi wata guda ya ce zai tafi, cewa ake, "Tun yanzu? Ko an yi maka laifi ne?"

Nisan nan ya daɗe yana wahalar da manya. Muhawarar da aka yi a rubuce tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Borno a kan jihadi, wadda Bello ya adana a Infaƙul Maisuri, manzanni ne suka yi ta kai da kawo da ita a bayan dabba. Ina jin ko fushi mutum ya yi da wata magana, kafin amsarsa ta je ta dawo ya huce. Wani Bature mai suna Kilafaton ya bar Kukawa ta Borno a Disambar 1823, ya yada zango a Kano, bai ga Sakkwato ba sai Maris 1824. Yerwa kanta sai 1907 aka kafa ta, amma ta riga manyan birane ganin jirgin sama: jiragen sojan Ingila uku da suka taso daga Masar a 1925 sai da suka sauka Maiduguri kafin su isa Kano ranar 1 ga Nuwamba. Daga 1936 kuma jirgin Imperial Airways mai kawo wasiƙu da fasinja daga Hartum zuwa Kano a can yake yada zango. Sai dai wannan harkar Turawa ce. Talaka ya ɗaga kai ya yi salati ya koma kan fartanyarsa.

Abin ya fara matsowa kusa da irinmu bayan 1967, da Janar Gawon ya yanka ƙasa jihohi 12. Sakkwato ta zama hedkwatar Arewa maso Yamma, Maiduguri ta Arewa maso Gabas, kusurwa da kusurwa. Ma'aikatan tsohuwar Jihar Arewa da suka saba zama tare a Kaduna aka watsa su, kowa ya kama gabansa, amma abota da auratayya da taron aiki ba su yanke ba. Sai ga bautar ƙasa a 1973, ga jami'a a kowanne daga garuruwan biyu a 1975, ga kuɗin ƙarin albashi na Udoji sun faɗo aljihun ma'aikata. Wanda bai sayi babur ko rediyo mai kaset ba ya ce shi ma sai ya ɗanɗana jirgi. Ni dai aiki ne ya fara sa ni a ciki da takardar gwamnati, in ba haka ba albashina bai yi tsawon da zai taɓo tikiti ba.

Tsohon filin jirgin Sakkwato, wanda gidaje suka cinye sai sunan unguwa ya rage, ba wani abin kallo ba ne: ɗan gini, ma'aunin kaya, da wani dogon buhu a kan sanda mai nuna inda iska ta nufa. Sabon filin da ke ɗauke da sunan Sarkin Musulmi Abubakar III sai a farkon shekarun 1980 aka buɗe shi. Amma ko a tsohon filin, ranar jirgi gari ya sani. Yara su yi dafifi a bakin waya, masu tallan gyaɗa da rake su biyo su, mai keke ya jingine kekensa ya manta da aiken da aka yi masa. Jirgin Nigeria Airways ne, fari da kore, a jikinsa ga hoton giwa da fuka-fuki. Tsofaffi sun daɗe suna jinjina wannan hoto. Baffana ya dube shi, ya sake dubansa, ya gyara rawani ya ce, "To, in giwa ta tashi, mi yar rage?"

Fokker ne, ƙirar ƙasar Holan, mai farfela biyu, fuka-fukansa a saman gangar jiki, yana ɗaukar mutum 40 da 'yan kai. In injinsa ya tashi wani irin fito yake yi mai shiga har cikin haƙori. Ko ido a rufe na ji shi yau zan shaida shi. Tikiti ɗan littafi ne mai jan kabon a bayan shafuka, an rubuta sunanka da biro, kana tafe kana taɓa aljihu ka ji ko yana nan. Ba a shiga jirgi da kayan zaman gida. Babbar riga ta sha bugu, hula sabon kari, takalmi an goge, an shafa Bint El Sudan har a bayan kunne. A taka a ƙasa daga gini zuwa matakala, iska na kaɗa riguna, kowa na waiwayowa yana ɗaga wa 'yan rakiya hannu. Su kuwa ba sa gusawa sai jirgi ya ɓace musu a sama, sannan su shafa addu'a su juya.

Kafin a tashi ma'aikaciya za ta zagayo da faranti cike da alewa, wai a tsotsa saboda toshewar kunne. Da yawanmu ba mu tsotsa ba. Aljihu muke sawa, da 'yar takardar sukarin da ta zo da shayi, a kai wa yara shaidar an shiga jirgi. Kunne kuwa ya toshe abinsa, mutum ya sauka yana magana da ƙarfi bai sani ba.

Da yake fiffiken yana sama, taga kuma babba ce, babu abin da ke tare maka ƙasa, ga shi ba ya lulawa can ƙololuwa irin na yanzu. Kana tashi ga fadamar Rima shimfiɗe, kore shar ko da rani, ga farin garke ya nufi mashaya. Bayan an gama dam ɗin Bakolori a ƙarshen shekarun 1970, sai ka ga ruwansa na walƙiya ta hannun dama. Jim kaɗan ga Ƙauran Namoda, ka ga dogo ya zo ya tsaya a fili. Abin da ya fi taɓa ni shi ne in hango wata hanya can ƙasa, ƙura ta tashi a kanta, wani ɗan ɗigo na rarrafe a gaba. Na san akwai mutane bisa buhunan albasa a cikin ɗigon nan, na san yaron mota na maƙale a baya da wajinsa. Kafin in gama tuna warin, mun bar su. Wajen awa guda sai ga Dala da Gwauron Dutse, ga ganuwa, ga koriyar ƙubbar masallacin Juma'a, ga kududdufan birni, a farkon zuwanmu har da dalar gyaɗa a gefen dogo.

Kano kusan a kan zaren take, wajen kilomita 375 daga Sakkwato, 500 kuma zuwa Maiduguri, saboda haka ratsewa ta nan ba ɓatan hanya ba ne. A nan ake sauka a jira na gabas. Filin Kano kuwa duniya ne: jiragen Turai, alhazai da butocinsu, Larabawa, 'yan Sudan da fararen rawunna. Waɗanda suka girme mu sun ba mu labarin mai kakaki a kan raƙumi da ke busa in jirgi zai sauka, don masu ratsa fili da dabbobinsu su kauce. Mu hotonsa kawai muka tarar. A ɗakin jiran nan na taɓa jin wani ɗan kasuwa ya matsa kusa da wani malami ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan tafiya da ko gumi ban yi ba, ƙasaru ta hau kaina?" Malam ya ce shari'a nisa ta duba, ba wahala ba, a mazhabarmu in tafiya ta kai mil 48 an yi ƙasaru, ko a kan jaki ko a kan iska. Ɗan kasuwa ya ce shi dai kunya yake ji ya rage raka'a biyu alhali alewa kawai ya sha a hanya. Malam ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, rangwame ne Ubangiji ya yi maka. A kasuwa ka taɓa ƙin rangwame?"

Daga Kano awa ɗaya ce da 'yan mintoci, ƙasa na ƙara fari, itatuwa na ƙara ba juna tazara, har ka hango duhun dalbejiyar Yerwa da kogin Ngadda.

Kunyar nan ta ɗan kasuwa kuwa mu duka mun ji irinta. Ka karya kumallo a Sakkwato, ka yi la'asar a Yerwa, rigarka ko ƙura babu, karin guga bai ɓaci ba. Masu gida su taso da "sannu da hanya, sannu da gajiya," ka rasa bakin amsawa. An dafa ruwan wanka, an yanka kaza, an share ɗakin da za ka warware gajiyar da ba ka kwaso ba. Inna kuwa ba ta taɓa yarda cewa akwai tafiyar da ba ta son guzuri ba. Gabas dai gabas ce. Sai da ta ɗaura gumba da soyayyen nama, na kai su Borno ko ƙullin ban kwance ba, yaran gidan suka yi bikinsu. Da na dawo ban daɗe ba, ta leƙo ta ga wuyan rigata fari, sai na ji tana ce wa Gwaggo ƙasa-ƙasa, "Anya wanga ya kai?" Hular zanna da ƙullin turaren wuta da bandar Baga ne suka fid da ni. Bandar nan, duk yadda aka naɗe ta a takardar siminti aka cusa a kwali, sai ta sanar da kanta a cikin jirgi, manyan mutane da manyan riguna kowa ya ɗaure fuska yana duban maƙwabcinsa.

Mai karya wa jirgi alkadari hunturu ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska kan kwaso ƙura daga hamadar Cadi, sama ta yi fari kamar farau-farau, har ka iya kallon rana ido da ido. Sai a zauna a fili tun hantsi, leɓe na tsagewa. Wani lokaci ka ji kukan jirgin bisa kanka, ya zagaya, ya sake zagayawa, matuƙi na neman ƙasa bai gan ta ba, kukan ya yi ta raguwa har ya ɓace. Ya koma Kano ke nan. Ba mai yin fushi sosai, don kowa na tune da jirgin alhazan da ya faɗi a Kano a Janairun 1973, mutum 176 suka rasu, gidaje da yawa suka yi zaman makoki. Gara a koma gida. Sai dai komawar ce abin dariya. Mutumin da aka raka da safe, ya nemi gafarar kowa, Gwaggo ta yi kukanta ta gama, ga shi da magariba ya yi sallama da akwati a hannu yana tambaya ko an rage tuwo. Gobe a sake sabon lale. In abin ya ci gaba sai Gwaggo ta ce ita hawayenta sun ƙare, ya tafi Allah ya kiyaye. A irin wannan mako wanda ya bi mota yakan riga mai jirgi isa, kuma ba ya bari a manta. Duk inda aka haɗu sai ya ce sauri ya haifi nawa.

Da kwalta ta game hanya, fijo ta shigo, 404 sannan 504 mai dogon baya, direbobin tasha suka mai da tafiyar ta yini da ɗan dare. A yi asuba a Sakkwato, a ci abincin rana a Kano, mai ƙarfin hali ya wuce ya kwana Fataskum ko ya shiga Yerwa tsakar dare. Ba abin tsoro sai gyangyaɗi da ramuka da shanun da ke ratsa titi. Ƙarfe biyun dare ka tarar da mai shayi a Damaturu da fitilarsa, ya soya maka ƙwai ya yanka burodi, ka miƙe a kan benci ka bar mota a buɗe.

Nigeria Airways ta daina tashi a 2003, giwa ta sauka ke nan. Kamfanoni masu zaman kansu suka gaje ta, jiragensu sun fi sauri, sun fi sanyi, ba sa yi wa mutum fito a haƙori. Amma kusan duk hanyoyinsu Abuja da Legas suka nufa. Yau mai son zuwa Maiduguri daga Sakkwato ta sama sai ya gangara Abuja, wajen kilomita 500, ya jira, wani lokaci ya kwana, sannan ya hau wani ya yi 700 zuwa gabas. Wajen 1,200 ke nan, ya fi hanyar gingimari tsawo. Masu hali suna biya ba don gaggawa ba, sai don hanyar ƙasa ta zama abin da ta zama. Tsakanin Gusau da Funtuwa ana tafe ana addu'a, daga Damaturu zuwa Maiduguri kuwa kowa na duban rana, kada yamma ta yi masa a hanya. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, in ji masu magana. Tsamiyoyin da muka yi barci a gindinsu ana hango irinsu ta gilashi, ba mai tsayawa.

Sallamar ma ta canja. Yaro zai bar Sakkwato ya tafi Maiduguri karatu, sai ya isa ya turo saƙo ta waya cewa ya sauka. Ba wanda ya daka masa gumba, shi ma bai nema ba. Ba cewa nake da ta fi yanzu ba. Wanda ya taɓa kwana bisa buhun albasa ba zai yi wa jikansa fatan haka ba, kuma uwayen gardawan da suka koma ga Allah ba su sake jin muryar 'ya'yansu ba, da sun ga waya da sun rungume ta hannu biyu. Abin da nake kewa shi ne yadda nisa ke sa a ɗauki mutum da nauyi, a tsaya a dube shi da kyau kafin ya tafi, a sake dubansa da kyau in ya dawo.

Rana dai ba ta sake hanya ba. Maiduguri na gabas da mu da kusan digiri 8, saboda haka rana tana riga faɗuwa can da wajen rabin awa, ko da yake agogonmu ɗaya ne. Da azumi, in ana karanto lokutan shan ruwa na garuruwa a rediyo, Borno na gaba-gaba, mu muna can ƙarshe muna haɗiyar yawu. Wanda ya taso daga Yerwa zuwa Sakkwato da azumi a bakinsa kuwa ya ƙara wa yininsa rabin awa da kuɗinsa. Ina da aboki Babarbare tun muna makaranta a Zariya, ni kuwa Bafillace, kun dai san abin da ke tsakaninmu da su, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Da can sai shekara ta zagayo ba mu ji juna ba, in ba wasiƙa ta gidan waya ba. Yanzu gwiwa ta hana mu hawa matakalar jirgi, amma tun da waya ta shigo hannu ba ya fashi. Ana kiran magariba a Yerwa zai bugo, ba sallama ba komai, sai in ji kurɓar kunu da ƙarfi a kunnena, sannan ya ce, "Bawana, har yanzu kana bakin aiki? Ubangidanka ya sha ruwa."

Ba na tanka masa. Sai da asuba, in na daidaici ladaninsu ya yi kira, ni kuwa ina da sauran rabin awa, in jawo ƙwaryar fura in buga masa. Yana ɗauka in ce, "Ɗan Barebari, ka kama baki? To saurara," in shiga kaɗa ludayi a ƙwarya yadda zai ji da kyau.